"Raniflar" da maganar barin kashi a ciki

Wani direba da ke bin hanyar Garwa zuwa Marwa ya aiko da tambaya. Ya ga tiyo yana tsiyayar da baƙin mai a saman inji, sai ya toshe shi da ƙusa. Da bakanike ya gani ya ce masa, "Ka toshe raniflar, ai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa." Yana neman ma'anar kalmar, da abin da ya haɗa ta da wannan karin magana.

Malam direba, kalmar Faransanci ce, reniflard, daga renifler, wato shaƙar iska ta hanci, kuma tana nufin tiyon da hucin cikin inji ke fita ta cikinsa. Garejojinmu sun are ta kamar yadda suka ari "kartar" da "segiman". Da za a tambaye ni, "hancin inji" zan ce, domin hanci yana shaƙa yana kuma fitarwa, aikin abin ke nan.

Duk lokacin da mai ya kama wuta a saman fistin, ɗan hayaƙi yana kurɗawa ta gefen segiman, zobban da ke jikin fistin, ya sauka kartar inda baƙin mai yake. Ko sabon inji yana yin haka, tsoho ne dai ya fi. Hayaƙin nan yana ɗauke da tururin ruwa da fetur da bai ƙone ba. In ya rasa hanya sai ya cika ciki, ya tura mai ta robar bakin bilbirekan (babban ƙarfen da fistin ke juyawa) da gefen murfi, wani lokaci har sandar gwajin mai ta ɗago. Tururin kuma ya gauraya da mai ya koma caɓi. Ma'anar karin maganar ke nan: riƙe abin da ya kamata ya fita ba ya ƙara maka komai. Ka hana ɗigo ɗaya, ka buɗe uku.

Motocin da, bututu kawai ake saki ƙarƙashin mota. Daga 1961 jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara mayar da hayaƙin cikin inji ya sake ƙonewa, tsarin da ake kira PCV. Tiyo biyu ne: ɗaya yana kawo iska mai tsabta daga wajen matatar iska, ɗaya yana zuƙe hucin zuwa bututun shigar iska. A kan na biyun akwai ɗan bawul mai sifirin. Inji yana tsaye yana aiki, zuƙa tana da ƙarfi, sai ya rage ƙofa. An taka totur, sai ya ƙara buɗewa.

Cire bawul ɗin ka girgiza. In ka ji ƙwar-ƙwar yana motsi, in shiru ya daskare. Tayar da inji ka ɗora yatsa a bakinsa, ya kamata ya ja fatarka. Wanda ya maƙale a buɗe shi ke sa inji rawa, da shan mai, da shuɗin hayaƙi a salansa. Duba tiyon ma, zafin Marwa yana busar da roba har ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga.

Injin gas (dizal) mai turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, bai da irin wannan zuƙar, shi ya sa tiyonsa ke komawa gaban turbo. Ɗan danshin mai a wurin ba laifi ba ne, amma in yana zuba, sa a auna maka matsin silinda, mai yiwuwa segiman ne suka cinye.