Mai cewa a rushe gwamnati, me ya kai shi neman kujera?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga shugaban Ajantina, Javier Milei, yana cewa gwamnati ƙungiyar ɓarayi ce, alhali shi ne ke zaune a kanta. Ka tambaya ko wannan ba munafunci ba ne, kuma me ya sa irin waɗannan mutane ba sa jure suka. Zan amsa da abin da idona ya gani, don na yi shekaru ina tuƙin mota a jihar New Hampshire ta Amurka, inda masu wannan aƙida ta rage ƙarfin gwamnati ko kawar da ita, waɗanda ake kira 'yan libatariyan, suka yi sansani.

Su 'yan libatariyan ɗin ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Akwai masu cewa a bar gwamnati ƙarama, ta riƙe kotu da 'yan sanda da soja kawai. Akwai kuma masu cewa ko wannan ɗin ma a tuge ta, haraji fashi ne ko da kwabo ɗaya ne. An kafa jam'iyyarsu a Colorado a ƙarshen 1971, kafin a je ko'ina rigima ta kaure, har sai da suka yi sulhu a Dallas a 1974 cewa jam'iyya ba za ta ce uffan ba a kan ko ya kamata gwamnati ta wanzu ko kada ta wanzu. Wato an share ƙura an tura ƙarƙashin tabarma. Murray Rothbard, babban malamin masu ƙin gwamnati, ya shiga jam'iyyar da ƙarfinsa. Samuel Konkin kuwa ya ce duk mai ƙin gwamnati da ya nemi ƙuri'a ya sayar da kansa, hanyar kawai ita ce mutane su riƙa saye da sayarwa a bayan idon hukuma har ta mutu da yunwa. Har yau jikokin waɗannan biyun ba su daina musu ba.

Ni a ɗakin baya na wani gidan abinci a garin Manchester na jihar New Hampshire na san su. Wani fasinjana ne ya gayyace ni, matashi mai gyaran kwamfuta, mai fara'a, irin wanda in ya fara bayani sai ka manta da mitar mota. Yana cikin waɗanda suka yi ƙaura zuwa jihar saboda shirin nan na Free State Project da aka faro a 2001, na tara mutum 20,000 masu ra'ayi ɗaya a ƙaramar jiha. Majalisar wakilan jihar tana da kujeru 400, albashin kowa dala 100 a shekara, saboda haka mutum mai takalmi mai ƙwari da haƙurin ƙwanƙwasa ƙofa zai iya cin zaɓe. Sai ya tsaya takara. Ni na riƙa kai shi unguwa-unguwa cikin sanyin da ke sa kunne ya mutu, yana raba takardu. A motata ya sha gaya mini cewa shi ba mulki zai je yi ba, zai je ne ya riƙa danna "a'a".

A wannan ɗakin akwai wani dattijo mai sayar da zuma da ƙwai, wanda ya fi son a biya shi da tsabar azurfa. Ya ce rabonsa da rumfar zaɓe tun yana saurayi. Ranar da aka yi walimar nasara, ana ta tafi, shi yana gefe yana juya cokali a kofi. Da aka lafa ya ce: "Yaro, rantsuwar da za ka yi a Concord, babban birnin jiha, cewa za ka kare tsarin mulki, da gaske za ka yi ta ko da wasa? In da gaske ne, ka bar mu. In da wasa ne, ka fara aiki da ƙarya." Matashin ya yi dariya ya rungume shi, ya ce wanda aka ɗora wa bindiga a ka in ya karɓe ta ya cire harsashi ai bai zama ɗan fashi ba. Na ji daɗin amsar nan, har yanzu ma ina ganin tana da ƙarfi.

Abin ya canja ne bayan kamar shekara guda, da aka zo kasafin kuɗi. Matashin ya ba shi ƙuri'a, saboda an rage wani haraji a ciki. Dattijon ya rubuta masa a Facebook, layi biyu kacal: kuɗin da ka sa hannu a raba, na wa ne? Ai kuwa sai wuta ta tashi. Matashin ya ce masu zama a gida suna lissafin tsarki ba su taɓa rage wa kowa ko sisi ba, ya goge rubutun, ya toshe tsohon. Da na yi masa magana a mota, sai ya ce da ni, "Ba za ka gane yadda abubuwa ke tafiya a ciki ba." Na yi shiru. Wannan jimlar ita ce wadda shi da kansa yake kwaikwayon 'yan siyasa da ita yana ba mu dariya a da.

To ka ga, ni ban kira tsayawarsa takara munafunci ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ya san da haka tun kafin ya shiga. Ko a Sifaniya lokacin yaƙin basasa, a Nuwamban 1936, 'yan ƙungiyar ƙwadago ta CNT su huɗu da suka ƙi gwamnati duk rayuwarsu sun karɓi muƙamin minista, har ɗayansu, Juan García Oliver, wanda ya sha zaman kurkuku, ya zama ministan shari'a. Su 'yan hagu ne, ba irin na Amurka ba, amma tarkon ɗaya ne. Inda nake ganin laifi shi ne wajen karɓar suka. Mutumin da duk hujjarsa ita ce kujera tana lalata mai zama a kanta, shi ya fi kowa cancantar ya bar ƙofa a buɗe ga mai ce masa ka fara lalacewa.

Shi ma tsohon ba waliyyi ba ne, kada in yi masa kara. Yana da daɗin baki wajen kiran kowa maci amana, kuma zumarsa a kan titin da aka gina da haraji take zuwa kasuwa. Laifi tudu ne.

Milei ɗinka ma haka ta faru da shi. Ya ci zaɓe a Nuwamban 2023 da kusan kashi 56 cikin ɗari, ya zabge ma'aikatu daga 18 zuwa 9, amma babban bankin da ya yi alkawarin rufewa yana nan. Da Hans-Hermann Hoppe, almajirin Rothbard, ya soke shi a kan haka a 2024, sai ya mayar masa da baƙar magana, shi da ya raɗa wa karensa suna Murray don ƙaunar malamin nasu.

Abokin nawa ya sake tsayawa ya sake ci. Zuwana na ƙarshe ɗakin kafin in bar jihar, na tarar tsohon ya ajiye kwalbar zuma a kan kujerar da matashin ya saba zama, ya ce in kai masa. Na kai. Ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya tambaye ni nawa ne kuɗinta.