Amsa kan haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar a harkar yawon buɗe ido

Malam, ka tambaya ko haɗin gwiwa kan al'adu da yawon buɗe ido zai yiwu tsakaninmu da Nijar, alhali ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A ganina zai yiwu, domin zumuncin ya girmi iyakar da Turawa suka shata. Zuriyar sarakunan Katsina na dauri ce ta kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, kuma ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971.

Abin da ya rage shi ne a haɗa wuraren cikin tafiya ɗaya, ta yadda baƙo zai ga Hasumiyar Gobarau a Katsina, ya sha ruwan Kusugu a Daura lokacin Sallar Gani, sannan ya bi ta Kwangwalam zuwa fadar Damagaram. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, zai sauƙaƙa zirga-zirgar idan aka kammala aikinsa. Babban burina shi ne kuɗin baƙi ya tsaya a hannun dukawa da masaƙa da masu masauki na gari, a kuma ware wani kaso domin yaɓen gine-ginen ƙasa kafin kowace damina. Hanyar Jibiya kuwa, sai tsaronta ya inganta baƙo zai yarda ya bi ta.