Allurar insulin da rawar jiki

Tambaya: Likita, mahaifina yana allurar insulin, amma wani lokaci sai gumi da rawar jiki su kama shi. Me ke kawo haka?

Amsa: Insulin ne ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi ƙwayoyin jiki. In Baba ya yi allura ya makara cin abinci, sukarinsa kan faɗi ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin awo. Wannan faɗuwar sukarin ce ke kawo gumi da rawar jikin. In hakan ta faru, ku jiƙa masa babban cokali 1 na sukari ya sha, ku sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada ku ɗura masa komai, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe, sai asibiti maza.