Tambayoyinku: Haɗa bututu da ɗumama ruwa a babban tankin kifin ado

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sa an haɗa mini tankin gilashi na kifin ado, tsawonsa mita 2.5, faɗi mita 1, zurfin ruwa santimita 80. Ina so in ajiye ƙaramin tankin tacewa a ƙarƙashinsa. Yaya za a ja bututun don kada ruwa ya malale mini a falo idan an ɗauke wuta? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tankinka zai ci lita 2,000, wato tan 2 na ruwa zalla, ban da gilashi da yashi da duwatsu. Saboda haka ka tabbata daɓen siminti ne a ƙasa kuma teburin ƙarfen da za a ɗora tankin a kai a miƙe yake daidai.

Ruwa da kansa yake gangarowa zuwa tankin tacewa, famfo kuma ya mayar da shi sama. Ka sa a huda wurare biyu a gilashin baya, kusa da sama, kowanne na bututun roba na PVC mai inci ɗaya da rabi. Sayi kanektan tanki, wato mahaɗin da ake ɗaurewa a ramin gilashi don jona bututu, tukuna a auna shi, sannan a huda. Ramin yakan kai milimita 60. A bar tazarar da ta kai faɗin ramin tsakaninsa da bakin gilashi, a yi amfani da bakin huda mai ƙwayar daimon ana zuba ruwa, ba a dannawa. Tambayi mai gilashin ko irin gasasshen nan ne mai tauri, don shi da an taɓa shi da injin huda zai tarwatse gaba ɗaya. Robar kanekta tana zama ne a gefen da ke da faffaɗan baki. A ɗaure da hannu, a ƙara kwatan zagaye da sifana, a tsaya nan. Matsewa fiye da haka ce ke tsaga gilashi.

Bututu na farko shi ke ɗaukar ruwan kullum. Bakinsa ya nitse kamar santimita 3 zuwa 4, a sa masa raga saboda ƙananan kifi, a sa masa bawul mai murɗawa a ƙasa. Da bawul ɗin za ka daidaita shi har ya cika da ruwa babu iska, ƙarar ƙwarara ta ɗauke. Na biyu bakinsa ya ɗan fi na farko tsawo, kuma kada a sa masa bawul ko kaɗan. Ranar da ganye ko dodon koɗi ya toshe na farko, shi zai kwashe ruwan.

Batun ɗauke wuta kuwa lissafi ne. A tankinka kowane santimita ɗaya na saman ruwa lita 25 ne. Da famfo ya tsaya, ruwa zai ci gaba da sauka har ya kai bakin bututu: santimita 4 ya zama lita 100, ga kuma wanda ke cikin bututun. Don haka tankin tacewa ya kai lita 400, kuma a bar aƙalla lita 150 babu ruwa. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne bututun da ke mayar da ruwa sama. Idan bakinsa ya nitse sosai, da wuta ta tafi sai ya juya ya riƙa zuƙo ruwa yana kai wa ƙasa. A huda masa rami na milimita 3 ɗan ƙasa kaɗan da saman ruwa, iska ta shiga ta katse zuƙar. Gansakuka na toshe ramin, sai a riƙa sa tsinke duk mako. Kada ka dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa.

Nemi famfo mai tura lita 6,000 zuwa 8,000 a awa bayan ya hau tsawon mita ɗaya da rabi. Adadin da ke jikin kwali na famfon da bai hau ko'ina ba ne, kuma kowane elbo yana rage gudu. A sa yuniyan, wato mahaɗin bututu da ake iya kwancewa, gaba da bayan famfo don a iya cire shi a wanke. Kada bututun jan ƙarfe, tagulla ko galbanaiz ya shiga aikin, suna sakin guba a ruwa. Bayan gam ɗin da aka haɗa bututun da shi ya kwana ɗaya ya bushe, cika tankin babu kifi, kashe famfon da hannunka, ka tsaya ka ga inda ruwa ya tsaya a tankin ƙasa, ka yi alama.

TAMBAYA: Da hunturu kifayena suna lafewa a ƙasa, ba sa cin abinci. Tankina ma lita 2,000 ne. In sayi babbar hita guda ɗaya mai wat 1,500? Daga wata Hajiya a Zariya.

AMSA: Hajiya, ba mu ba ki shawarar guda ɗaya ba. Yawancin kifin ado na ƙasashen zafi suna son digiri 24 zuwa 27, kuma daren Disamba da Janairu kan sa ruwan ɗaki ya yi ƙasa da haka. Amma hita idan ta lalace, sau da yawa a kunne take maƙalewa. Mai wat 1,500 za ta ƙara sama da rabin digiri kowace awa, kafin ki farga kifi sun galabaita. Mai wat 300 kuwa da kyar ta ƙara digiri 3 a yini da kwana. Ki sayi uku masu wat 300, ki jona su a na'urar daidaita zafi ta daban mai igiyar auna ruwa, ki saita ta a 25, su kuma hitocin a 27.

A kwantar da su a tankin tacewa, a sashen da ruwa ke gudu kuma ba ya raguwa. Sashen famfo ne ke yin ƙasa idan ruwa ya ƙafe, hitar gilashi kuma da ta fito iska tana kunne za ta fashe. Ki cire filogi minti 15 kafin ki rage ruwa.

Kafin hita ma, ki rufe saman tankin da gilashi, don ta tururi zafi ya fi fita. Ki manna farin soson nan da ake tallafe sabon firji da shi, mai kaurin santimita 2.5, a baya da gefuna. Kada ki ƙosa: wat 1,000 yana ɗaukar kusan awa biyu da minti 20 kafin ya ɗaga lita 2,000 da digiri ɗaya, kuma hakan ya fi wa kifi lafiya. Dole a sa makashin wuta mai tsinkewa da an samu yoyon lantarki, na miliamfiya 30, wayoyi kuma su yi lanƙwasa ƙasa da soket don kada ɗigon ruwa ya bi su.

Idan an ɗauke wuta, ruwa mai yawa haka ba ya saurin hucewa. Iska ce ke fara ƙarewa kifin, saboda haka injin kumfa za ki fara ɗora wa inbata, hitoci su jira wuta ta dawo.