Gyaran da mai gida zai iya yi da hannunsa

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji gidan haya a unguwar Aboabo ta ƙasar Gana, kuɗin hayar duk yana tafiya wajen masu gyara, kana tambayar ta ina za ka fara koyo.

Fara da famfo. Yawanci in yana ɗiga, robar cikinsa ce ta cinye. Rufe ruwa daga tanki, kwance kan da sifana, ka tafi shago da tsohuwar robar a ba ka daidai ita. In haɗin bututu ne ke tsiyaya, naɗa farin tef a bakinsa kafin ka ɗaure, kuma kada ka matse da ƙarfi, na roba ba ya da wuyar tsagewa.

Rufin kwano ka duba shi tun Fabrairu, kafin damina ta kankama. Ɗakin da ba silin, shiga da rana tsaka ka ɗaga kai: inda haske ya leƙo, nan yoyon yake. Bangon da ke jiƙa daga ƙasa kuwa, asarar fenti kawai za ka yi in ba ka gyara kwatar da ke gindinsa ba.

Wayarin wuta dai bar shi. Dokar Gana ta 2011 ta damƙa shi ga masu takardar shaidar Hukumar Makamashi.