Filin Tambaya da Amsa: Wace Giya Ce Za Ta Zauna da Sabon Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Camry ƙirar 2008 mai silinda huɗu, kuma injinta ya buga. Tunda dole ne in sauya, ina sha'awar in saka mata babban injin nan mai silinda shida, amma in bar giyata ta otomatik domin lafiyarta lau. Makanikena ya ce muddin ramukan notin da ke haɗa inji da giya suka hau, magana ta ƙare. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Magana ba ta ƙare a nan ba, domin hawan ramukan noti matakin farko ne kawai, kuma shi ne ya fi yaudarar mutane saboda shi ido ke iya gani. Motarka ta fito da injin 2AZ-FE mai lita 2.4 tare da giya mai hawa biyar da ake kira U250E, ita kuwa takwararta mai silinda shida ta fito da injin 2GR-FE mai lita 3.5 da wata giya dabam mai hawa shida, wato U660E. Kamfanin bai raba musu giya don ado ba. Ƙarfin murɗawar ƙaramin injin yana wajen niyuton-mita 218, na babban kuwa ya kai kusan 336, ƙarin da ya haura rabi. Faya-fayan kulocin da ke cikin giyarka an auna su ne da nauyin farko, saboda haka idan ka ɗora musu na biyu za su fara sulluɓewa, mai ya yi zafi ya ƙone, kuma wata rana ka zare sandar awon mai ka tarar ya yi baƙi yana warin ƙuna, alhali ja ne garau lokacin da aka zuba shi.

Ko da ƙarfen zai jure, akwai matsalar da ta fi wannan wuyar warwarewa. Giyar otomatik ta zamani ba ta sauya hawa da kanta, kwamfuta ce ke ba ta umarni bayan ta duba gudun mota, da yadda ka taka totur, da zafin mai. Kwamfutar babban injin an tsara ta ne ta yi aiki da giya mai hawa shida, ba ta san mai biyar ba. Idan aka tilasta haɗin, abin da aka saba gani shi ne fitilar gargaɗi ta kama, giya ta maƙale a hawa guda, motar ta riƙa tafiya da ƙyar. Ga kuma tsarin tsaron makulli, wanda ba zai bari injin ya tashi ba idan kwamfutar ba ta gane makullin ba.

Shawarata ita ce ka nemi irin injin da ya fita daga motarka, ka karanta lambar da aka buga a jikin bulok ɗinsa da idonka kafin ka biya. Idan kuwa zuciyarka ta nace a kan silinda shida, to sai ka sayi inji da giyarsa da kwamfutarsa da wayoyinsa da makullinsa daga mota guda, ka kuma shirya sauya sitin inji, wato ƙafafun da ke riƙe shi a jikin mota, da shaf-shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, da lagireto. Ka duba birki ma, don motar da aka ƙara wa gudu tana bukatar abin da zai tsayar da ita.

Tambaya: Oga, ni ɗan koyo ne a gareji. Na ji ana cewa akwai farantin ƙarfe da ake sakawa tsakanin inji da giya har ya haɗa waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Shin zai iya haɗa injin Honda K20 da giyar hannu ta tsohuwar Civic?

Amsa: Na ji daɗin wannan tambaya, ƙanena, domin ta nuna kana tunani kafin ka ɗauki sifana. Akwai farantin da gaske, kuma yana aiki a inda matsalar ta tsaya ga ramuka da tazara. Da shi ne ake haɗa giyar CD009 mai hawa shida ta Nissan 350Z da injunan wasu kamfanoni, saboda an san ta da juriya. Amma a haɗin da ka ambata ba zai amfane ka ba. Tsofaffin injunan Honda na jerin D da B, waɗanda aka ƙera giyar tsohuwar Civic dominsu, suna juyawa ne saɓanin hannun agogo idan ka tsaya ta wajen fuli, su kuwa na jerin K da suka fito a farkon shekarun 2000 suna bin hannun agogo kamar yawancin injuna. Da za ka haɗa su, giya ta ɗaya za ta kai ka baya ne. Shi ya sa masu wannan aiki suke ɗauko injin K tare da giyarsa, sannan su sauya siti da shaf da igiyoyin sandar giya.

Ka riƙe cewa ko inda ramuka suka hau, awo bai ƙare ba. Injunan LS na kamfanin General Motors, waɗanda suka fara fitowa a 1997, suna hawa bakin tsofaffin giyoyin Chevrolet kusan daidai, amma gindin karanshaf ɗinsu, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji ta kai ƙarfi ga giya, ya gaza na tsofaffin injunan Chevrolet tsawo da kimanin milimita 10, kuma sai an cike wannan tazarar kafin haɗin ya zauna. A giyar hannu kuma dole ne ka ƙirga haƙoran sandar da ke shiga cikin faifan kuloci, ka auna kaurinta, ka tabbatar bakinta ya zauna a ɗan boris ɗin da ke tsakiyar karanshaf, sannan ka ga ko haƙoran kik, wato na'urar tayar da inji, suna kama fulawil, babban faifan da ke bayan inji, yadda ya kamata.

Tambaya: Malam, an saka wa motata inji irin nata sak, amma da aka tayar sai ta ƙi motsi a kowace giya, ga ƙara daga wajen haɗin. Kafin aikin giyar ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Amsa: Hajiya, ina tausaya miki, domin alamun da kika bayyana sun fi kama da kuskuren ɗauri. Tsakanin inji da giyar otomatik akwai wata tukunyar ƙarfe mai cike da mai da makanikai ke kira kwanbata. Ƙa'ida ita ce a fara zura ta a cikin giyar, ana juya ta da hannu ana turawa, har a ji ta faɗa ciki sau biyu ko uku ta kama famfon mai. Idan ba ta zauna ba, bakin giya ba zai manne da inji ba, sai ya bar 'yar tazara, kuma a nan ne mai gaggawa yake ɗaure noti da ƙarfi don ya rufe ta, famfon ya fashe tun kafin a murɗa makulli. Kada ki bari a ci gaba da tayar da motar, domin ɓarɓashin ƙarfe zai bi mai ya shiga ko'ina. A sauke giyar a duba famfon da wuyan kwanbata, a tabbatar turakun nan biyu da ke daidaita inji da giya suna wurinsu, kuma a gwada faifan da aka ɗaura kwanbata a kai da na tsohon injinki, don wani lokaci sabon injin yakan zo da wanda ba na giyarki ba. Idan an tarar da ɓarɓashi a kaskon mai, a wanke bututun sanyaya mai kuma a sauya matatar man giyar kafin a mayar da giyar.