Abin da ya hana mu baro Ƙudus

Malam, ka tambaya me ya sa jikokin Hausawa da ke Ƙudus ba sa tattara nasu ya nasu su dawo gida tunda yaƙi ya ƙi ƙarewa. Amsar tana cikin wani ɗan kati mai shuɗiyar riga, amma bari in fara da inda muke.

Unguwarmu tana cikin tsohon birni, dab da Babul Majlis, ɗaya daga ƙofofin Masallacin Al-Aƙsa. Gidaje biyu ne na zamanin Mamluk, sarakunan Masar na da, suna kallon juna, Ribaɗu Ala'uddin da Ribaɗul Mansuri wanda Sultan Ƙalawun ya gina a 1282 domin masu ziyara. Turkawa sun taɓa mayar da su kurkuku. Kakanninmu alhazai ne daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal, akasari zamanin mulkin Ingila suka zo bayan sun sauke farali, suka auri Falasɗinawa, suka zauna. Larabci ne harshen yaranmu yau. Hausa sai a bakin ɗaiɗaiku.

Da Isra'ila ta mamaye Gabashin Ƙudus a 1967, ba ta mayar da mutanen birnin 'yan ƙasa ba. Izinin zama ta ba su, da katin shaida mai shuɗiyar riga, irin izinin da ake ba baƙo, ko da kakan kakan mutum a nan aka binne shi. Wannan izini yana faɗuwa. Wanda ya yi shekara bakwai a waje, ko ya karɓi takardar zama ta dindindin a wata ƙasa, ana iya soke nasa. Tun 1995 kuma aka ƙara sharaɗin nuna cewa a Ƙudus rayuwarka take. Shi ya sa kowane gida yake da jakar takardu: rasit ɗin arnona, wato harajin gida na hukumar birni, da takardar wuta da ta ruwa, yarjejeniyar haya, shaidar makarantar yara. Idan ka je sabunta kati ko yi wa jariri rajista, su za a nema. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne haya. Ɗaki a Ƙudus tsada, sai magidanci ya koma Ramallah ko Baitalami, tafiyar da ba ta kai daga Kano zuwa Wudil ba, amma a wajen hukuma ya bar gari. Fiye da mutum 14,000 aka soke wa izini tun 1967. Saboda haka a ɗaki ɗaya za ka tarar da uba da 'ya'ya da jikoki, an yi gini a kan gini. Sumud muke ce wa wannan, wato dagewa a wurin.

Aure ma sai an duba katin. Dokar da aka kafa a 2003 ta toshe hanyar ba wa miji ko mata daga Gaɓar Yamma ko Gaza izinin zama na dindindin, sai dai takardar wucin gadi da ake ta sabuntawa.

Kada ka haɗa halinmu da na Gaza, zai zama rashin adalci gare su. Mu bam ba ya sauka a kanmu. Su mutum sama da miliyan biyu ne a fili mai murabba'in kilomita 365, kuma tun bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, an kashe dubun-dubatarsu, kusan kowa an raba shi da gidansa, wasu sau da yawa. Abin da ke iso mu shi ne 'yan sanda a bakin ƙofa, bincike kafin ka shiga gidanka, ƙayyade shekarun masu shiga sallar Juma'a idan gari ya ɗau zafi, da kama matasa kan abin da suka rubuta a Facebook. Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, masu shago da masu yi wa baƙi jagora sun zauna. Idan labarin rasuwar dangi ya zo daga Gaza, ana buɗe zaman makoki na kwana uku, maza daban mata daban, a ba da gahawa marar sukari da dabino, alhali ba gawa, wani lokaci ba a ma san inda aka binne ta ba.

Ka kuma tambaya ko muna jin kiraye-kirayen zaman lafiya. Muna ji, muna kuma so, don tsagaita wuta ko ta mako shida ce tana nufin motocin gari da magani su shiga Gaza ta mashigar Karam Abu Salim. An yi ta 19 ga Janairu 2025, ta rushe a watan Maris. Sai dai mutumin Ƙudus idan ya ji shugabanni suna maganar ƙasashe biyu, Isra'ila da Falasɗinu, abin da yake saurare shi ne ko za a ambaci birninsa. Yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ta ajiye batun Ƙudus da na 'yan gudun hijira sai tattaunawar ƙarshe, wadda aka ce za a kammala cikin shekara biyar. Yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu su ne ke bin layi a ofishin harkokin cikin gida da jakar takardun 'ya'yansu.